A-kori-kurar da Ke Bisa Duwatsu

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Yusufu Bakanike na Talata Mafara, ina rubuta wanga zance da hankalina cikakke. Ƙafafu ne suka kumbura, numfashi ya gajarta, amma kai lafiyarsa lau, kada wani ya ce tsufa ke magana. Zuwa ga ɗiyana, Falalu da Lukman da Mufida. Falalu, kai ne na fari, ban taɓa kama sunanka da bakina ba. Yau takarda ta tilasta ni.

Na ɗaya. Gida da gonar Damri da kayan aikina, a kira Liman ya raba kamar yadda Allah Ya ce. Ba ni da ta cewa a nan. In akwai wuri kusa da kabarin mahaifiyarku Rabi, a sa ni can. In babu, ƙasa duk ta Allah ce.

Na biyu. Tsohuwar a-kori-kurata da ke bisa duwatsu cikin dangar bayan gida. Na san ita ma gado ce, don haka roƙo nake: kada a sa ta cikin rabo sai ta sauka ta taka ƙasa da tayoyinta, kuma kada 'yan gwangwan su taɓa ta. Ta girme ku duka. Da ita na yi jigilar gero da gyaɗa zuwa kasuwar Maradun har na ciyar da ku.

Birkinta na gaba irin na da ne, na durom, mai kama da tukunya a kife. Da rani ba laifi. Amma da damina in ta ratsa ruwa, sai ka taka ka ji tana tafiya abinta, kai ta salati. Shi ya sa na ƙudura in mayar da shi na faifai, mai kalifa, wato ƙarfen da ke cafke faifan ta gefe biyu. Abokaina sun sha dariya, wai tsoho na yi wa tsohuwa kwalliya. Yau duk suna maƙabarta. Wallahi da za su dawo su sake yi mini dariyar, da na ji daɗi.

Na uku, ku ji da kyau. Gefen hagu kaɗai na gama. Faifan dama da kalifarsa da ƙarfen da mai walda ya yanka mini suna cikin buhu ƙarƙashin gadona, tare da sabuwar masta, wato famfon birki, don tsohuwar mastar ba ta tura man birkin da kalifa ke so. Kada wanda ya kuskura ya hau titi da ita haka, za ta fizge gefe guda ta kai shi rami. Lukman, da kai nake. Na san ka da gaggawa tun kana rarrafe.

Na huɗu. Mufida, ki ɗauki tsoffin durom ɗin ki yi murhun gawayi, sun fi na kasuwa ƙarko. Ke kaɗai ke zuwa daga Bakura ki zauna, ba ki kallon ƙofa. Na gode, ɗiyata.

Na biyar, kuma shi ne ya hana ni sakewa. Lukman, kai ne ka ɗauki motarka ka wuce garejin yayanka Falalu a Maradun, ka kai wa bare ya gyara. Falalu, ka ji haushi, ka faɗa masa magana gaban jama'a ranar sunan ɗansa. Shi ke nan fa! A kan wanga abu kuka daina ko gaisawa. Ɗaya ya zo mini ran Talata, ɗaya ran Juma'a, kowa sai ya bugo waya ya tabbatar ɗayan ba ya nan. Kuna zato ban gane ba? Sauran kwanakin, ni da ƙadangaru ne a gidan nan.

To, in an gama haɗa birki, dole a fitar da iskar da ke cikin mai, kuma wanga aiki mutum ɗaya bai yinsa. Ɗaya na cikin mota yana taka birki, ɗaya na kwance ƙarƙashi yana kwance noti. Na ƙasa ya ce taka, ya ce riƙe, ya ce saki. Na sama ya amsa, domin in ya saki ƙafa kafin a ɗaure, iska ta koma, aiki ya dawo sabo. Mahaifiyarku ce ke taka mini. Ba ta taɓa tuƙi ba, amma ban ga mai jin maganata irinta ba. Tun da ta rasu ban sake samun wanda zan ce wa taka ba. Ina kewarta ƙwarai, ina kewarku ku ma, alhali kuna raye.

Saboda haka, Falalu ka shiga ƙarƙashi, Lukman ka hau kujera. Ban yarda ku ɗauko wani ya tsaya a madadin ɗayanku ba, ban yarda Mufida ta riƙa kai saƙo tsakaninku ba. Ban ce sai wani ya ba wani haƙuri ba, na san taurin kanku, a wurina kuka gada. Ku dai yi aikin taya bayan taya, har birki ya yi tauri.

Allah Ya yi maku albarka, Ya shirya zuriyarku, Ya tsare ku a hanya. Na yafe maku duniya da lahira, ku ma ku yafe mini. Ku riƙe juna, ku riƙe 'yar'uwarku, kada ƙofar gidan nan ta rufe. Na so in ji muryoyinku biyu tare a tsakar gida ina raye. In Allah bai nufa ba, to ku yi bayana, ko gidan ya ji.