Ƙwallon Aya Sittin

Assalamu alaikum wa rahmatullah, Baba.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fata kana cikin ƙoshin lafiya a Fatakwal kamar yadda muke a nan Bauchi. Umma tana gaishe ka. Dada ma tana gaishe ka, ko da yake ta ce kada in rubuta, wai ita fushi take yi da ɗanta. Na dai rubuta.

Ka san ba na iya magana a waya. Idan ka kira, daga "lafiya lau" sai in miƙa wa Umma. Shi ya sa na zaɓi takarda. Malama Ifeoma, mai koya mana kimiyyar sinadarai, ta ce za ta sa wasiƙar nan a mujallar makaranta, don haka wasu ma za su karanta. Ina jin kunya, amma na yarda.

Baba, ni aka zaɓa in yi bayani a ranar kimiyya. Batun da aka ba ni shi ne wasu ƙananan ƙwayoyi na kabon, wato sinadarin da ke cikin gawayi, waɗanda ƙanƙantarsu ta wuce a gan su da ido. Masana suna binciken ko za su iya rage saurin tsufa. Ka tuna yadda kake shafa wa basillarka mai don kada ta yi tsatsa? To jikin mutum ma yana da irin tasa tsatsar. Akwai wasu abubuwa marasa natsuwa da ke yawo a cikinsa suna cin sa sannu a hankali, kuma ana tunanin waɗannan ƙwayoyi suna iya tsotse su kamar soso.

Da na yi wa Dada wannan bayani a tsakar gida, sai ta ce, "To ni da na ƙare rayuwata a gaban gawayi, ai da yanzu budurwa ce." Na ce mata ba ɗaya ba ne, kuma kada ta kuskura ta zuba gawayi a kunu. Ta ce ba ta haukace ba tukuna.

Malama ta ce in haɗa siffar ƙwayar da hannuna. Ƙwayoyin zarra sittin ne a jikinta, a dunƙule. Na jiƙa manyan aya sittin, na yanka tsinken tsintsiyar kwakwa casa'in daidai da juna. Kwana uku ina fama. Duk abin da na haɗa sai ya kwanta shimfiɗe kamar tabarma, ya ƙi lanƙwasa. Har na yanke shawarar in ce wa Malama ta ba wata.

A rana ta huɗu na ƙura wa hoton da ke littafin ido, sai na gane shi. Ƙwallon ƙafa ce, Baba, irin wadda ɗaliban Yelwa suke kawo maka a keke, ta fashe, kana zaune a rumfarka ta gyaran takalma a bakin kasuwar Muda Lawal. Na tuna ina gefenka bayan an tashi daga Islamiyya, kana jan zare da haƙori kana cewa, "Ummi, mai kusurwa biyar ba ya zama kusa da ɗan'uwansa. Masu shida biyar ne suke kewaye shi. Idan babu shi, ƙwallo ba ta dunƙulewa."

Na buɗe akwatinka ba tare da izininka ba, ka yi haƙuri. Kwalayen nan biyu da kake auna fata da su, mai kusurwa biyar da mai shida, suna nan, gefensu ya yi baƙi saboda hannunka. Na ɗora aya a kusurwoyinsu. Kafin la'asar abin ya fara tashi kamar kwando. Ashe abin da masana suka wahala kafin su gano siffarsa, kai kana ɗinka shi a gindin darbejiya.

Dada ce ta riƙe mini ina sokawa. Muka zo ƙarshe aya uku suka ɓace, na dudduba ƙarƙashin tabarma, sai na ga kumatunta a kumbure. Ta ce, "Takwara, ai gwaji nake yi, in ga ko maganin naki yana aiki." Muka yi ta dariya har Umma ta leƙo daga madafa.

Amma, Baba, ba ta tauna su ba. Tsotsa kawai ta yi ta ajiye a gefe. Ka san yadda take son aya, ka san ƙarar da take yi da ita tun daga ɗaki. Kuma da na ce ta miƙo mini tsinke, sai da ta lalubo shi da hannu alhali yana gabanta. Ban faɗa wa kowa ba, sai kai yanzu.

Ranar bayanin, da na ɗaga ƙwallon sai muryata ta fito. Na faɗi sunan sana'arka a gaban kowa, kuma an tafa. Wani malami daga jami'a ya tambaye ni yaushe maganin zai fito. Na faɗa masa gaskiyar abin da na karanta: an gwada a kan ɓeraye, wasu sun ce sun ga alamar amfani, wasu sun maimaita ba su ga haka ba, kuma ba a tabbatar da komai a kan mutane ba. Zai iya ɗaukar shekaru, zai iya zama ba zai yiwu ba. Ya ce amsar ta fi ƙwallon kyau. Na zo ta biyu a gasar ranar.

Da na ba Dada labari, ta ce, "Ni ba zan iya jiran ɓeraye ba."

Ni ma haka na gani. Na so ƙwarai a ce akwai abin da zan ba ta ta sha, ta tsaya yadda take har ranar da ka ga damar dawowa. Na duba iyakar iyawata, babu shi tukuna. Sau uku kana cewa sai bayan Sallah. Na san aiki ne ya riƙe ka, kuma dominmu kake yi. Amma don Allah, wannan karon ka zo kafin Sallah, ko kwana biyar ne, tun tana iya gane fuskarka daga bakin zaure.

Ƙwallon tana rataye a ɗakinta. Ayar ta bushe, tsinke biyu sun zame, gefe ɗaya ya buɗe. Na ce zan gyara, ta hana ni. Ta ce a bar wa mai sana'ar.

Allah ya tsare mana kai, ya sa albarka a nemanka, ya buɗe maka hanyar gida. Allah ya ƙara wa Dada lafiya da nisan kwana, ya sa ku gana da alheri. Amin.

Basillarka tana nan. Na shafa mata mai.

Taka mai biyayya,
Ummi