Canjaras a Bakin Teku

Zuwa ga ƙanwata Aukje,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da shanunki. Gasar ches, darar nan ta Turawa, ta zo ƙarshe, saura wasa ɗaya. In na yi ko canjaras ne, za a ba ni lambar Babban Gwani da na yi furfura ina nema. Da Kalman zan kara, tsohon abokin hamayyata ɗan Hangari. Ya ga yadda nake kai hancina kusa da allo, ya gane idanuna sun kusa tafiya. Muna shan miyar wake ya ce, "Tsoho, mu ɗan tura sojojin allo mu yi musabaha a tashi canjaras, kowa ya huta."

Amma hazon nan na idona daɗi yake min. In na fita bakin teku sai yashi ya koma allo, dawakan ches su fito daga kumfa suna dira a gidajen da ban taɓa tunani ba. Ban ba Kalman amsa ba tukuna.

Ki huta lafiya,
Yayanki Sjoerd

Yaya,

Gaisuwa. Shanu lafiya lau, sun ma fi ka hankali. Wane irin dawakai kuma? Likita ya ce wannan ce gasarka ta ƙarshe, ni na raka ka, da kunnena na ji. Mutum ya miƙo maka hannu, ka kama mana! Tun muna yara haka kake, a aike ka tatsa a tarar da kai kana jera duwatsu a bakin magudana. Tsoro nake ji, Yaya. Ba na so ka zauna cikin duhu hannu rabbana.

Allah ya tsare,
Aukje

Ƙanwata,

Ina gaishe ki. Kalman ya cika alkawari, ya miƙo hannu. Har na ɗaga nawa, sai allon ya washe tas kamar tafki da safe. Na ga wata hanya: in ba da sarauniya a banza, dokina ya shiga ta baya. Tunda nake ban taɓa ganin abu mai kyau haka ba. Na ce masa, "Ajiye hannunka, ɗan'uwa."

Akwai soja ɗaya nasa a gefe da ban gani ba. Na sha kashi. Shi da ya ci, shi ya yi kuka.

Ki tarbe ni a tashar jirgin Sneek ran Asabar. Ki sa jar rigar nan, ita nake iya hangowa.

Naki,
Sjoerd