Hoton Baba Ya Yi Kyau

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka da kwamfutarka. Tunda wayarka ta koyi yin shiru duk sanda lambata ta shigo, na koma ga biro da takarda. Direban da ke kawo mini kaya zai miƙa maka hannu da hannu, kuma na ce masa kada ya motsa sai ya ga ka buɗe.

Zanen Baba ya iso. Kai, Auta, Allah ya yi maka baiwa! Da na aiko maka da ɗan tsohon hoton nan na ce ka ƙara masa girma saboda idon Inna, ban san za ka dawo mana da wanda ya fi Baba kyau ba. Kafin in kai shi gida na jingina shi a rumfata tsakanin kwalayen takalma, sai layinmu ya tsaya cak. Mai jakunkuna ta ce ko ɗan fim ne. Mai labule ta tambaya ko yana da mata. Na ce mata shekararsa ashirin da biyu da rasuwa, ta ce kaico, irin waɗannan dama ba sa daɗewa.

Fata sumul, kamar garin katako bai taɓa sauka a kanta ba. Kafinta na shekara arba'in, amma ko layi ɗaya babu a goshi. Bayansa kuma ka kwashe bangon shago da zartunan da ke rataye, ka zuba masa gajimare ruwan zinariya. Ni ma na san sana'ar, takalmin da ya sha rana a goga masa mai ya koma sabo. Sai dai ni ban taɓa goga wa takalmi mai ya canza lamba ba.

Ka san halin da Inna take ciki. Jiya ta kira ni da sunan ƙanwarta, ta tambaye ni ko an taso ku daga makaranta. Abu ɗaya ne bai taɓa kuɓuce mata ba: kowace safiya sai ta tsaya gaban tsohon hoton Baba ta ce, "Malam, an tashi lafiya?" sannan ta yarda ta karya. Tun da na rataya naka a wurin, sai ta ja mayafi, ta zauna a bakin gado a takure, ta raɗa mini, "Baƙon nan yaushe zai tafi? A ba shi ruwa mana." Kwana uku ke nan sai na yi da gaske take cin loma biyu.

Don haka ka naɗe tsohon hoton ka ba direba. Naka zan adana shi, ko don masu neman miji.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa alaikumus salam. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan ke da Inna kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarki ta same ni, na kuma karanta ta a gaban direba kamar yadda aka umarta, masu kawo aiki biyu suna kallona.

Ina so in fayyace wani abu, domin na lura akwai ƙarancin fahimta. Aikina ba wankin hoto ba ne. Ana ɗora hoto a sikana ya shiga kwamfuta, sannan in bi shi da alƙalamin zane, shimfiɗa kan shimfiɗa, ta fata daban, ta inuwa daban, ta haske daban, har ya tashi daga hoto ya koma kamar da fenti da burushi aka yi shi. Gemun Baba kaɗai ya ci mini yini guda, gashi ɗaya bayan ɗaya. Mutane daga nesa suke aiko mini da iyayensu, ba wanda ya taɓa kwatanta aikina da takalmi.

Kuma a wane hali hoton ya zo mini? Shekara ashirin yana rataye a bangon da ke jiƙewa duk damina, bangon da tun yaushe nake cewa a gyara. Danshi ya ɓata shi daga ƙasan hanci zuwa wuyan riga. Kika cusa shi a leda kika ba direba ya jefa a bayan mota. Da abin da na samu na yi aiki.

Batun Inna, likita ya gaya mana ciwon nan gaba yake yi, ba ya komawa baya. Kada a ɗora wa zane laifin cuta. A ba ta lokaci.

Tsohon hoton yana wurina. Zan aiko idan na samu sarari.

Ki gaishe mini da Inna.
Ƙanenki

*

Auta,

Salamu alaikum, don dole ce. Gaisuwar da ta rage ka nemi mai ba ka.

Na gode da darasi. Shimfiɗa kan shimfiɗa, ko? To bari in ba ka labarin wata shimfiɗa da ka manta ba ka ambata ba.

Ranar Asabar Baffa ya zo duba Inna. I, Baffa, ƙanen Baba, wanda tun jana'iza bai san ƙofar gidan nan ba sai da ya ji ana labarin zane. Ya shigo da sandarsa, ya tsaya daidai ƙarƙashin firam ɗin yana ɗaga kai. Ni kuma na fito da ruwa a faranti. Na dubi bango, na dubi Baffa, na sake duban bango. Baki biyu, iri ɗaya, ɗaya a sama ɗaya a ƙasa. Leɓen ƙasan nan mai kauri, da ɗan ramin haɓa, har da yadda gefen dama yake ɗagawa kamar mai shirin yi maka ƙarya. Saura kaɗan faranti ya suɓuce mini.

Shi kuwa sai gyaɗa kai yake yana cewa, "Ikon Allah. Ashe haka muka yi kama da marigayi ban sani ba." Har da share ido da bakin hula.

Kai ba ka da wayo a lokacin, bari in tuna maka wane ne Baffa. Baba ne ya koya masa riƙe guduma. Da ya iya, ya buɗe shago a tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa, yana bin masu kawo wa Baba aiki yana ce musu idon yayansa ya tafi, kujerarsa ba ta tsayawa da ƙafa huɗu. Shekara goma sha ɗaya Baba bai ce masa ko sannu ba, a haka ya koma ga Allah. Bakin da ya kashe masa kasuwa, shi ka ɗauko ka liƙa masa a fuska.

Kada ka ce mini danshi. Tabon ruwa na kan hoton, na sani, amma bakin Baba na nan a ƙarƙashi, duk mai ido zai gan shi. A karkace yake zuwa hagu, saboda nan yake riƙe ƙusoshi yana aiki, har bakin ya zauna a haka ko yana salla.

Na gaji da "idan na samu sarari". Direba zai tsaya a ƙofar shagonka da injin mota a kunne. Ka ba shi hoton, ko kuma Litinin in rufe rumfa in zo da kaina, kuma ka san ba na magana a hankali.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi

*

Yaya,

Amin, wa alaikis salam. Ba sai kin rufe rumfa ba. Ga gaskiyar, ki yi yadda kike so da ita.

Na ga karkacewar bakin. Na ɗauka ruwa ne ya kumbura takardar ya ja ta gefe, domin haka danshi yake yi wa tsofaffin hotuna, na gyara irinsu ba adadi. Na goge wurin. A aikinmu idan wani sashe na fuska ya lalace, a jikin ɗan'uwa na jini ake nema. Na duba hotunan ɗaurin aurena, na samu Baffa yana fuskantar kyamara daidai yadda Baba ya fuskanta, na yanko daga hanci zuwa haɓa, na daidaita kala, na bi da burushi. Ban yi don cin mutuncin kowa ba.

Shekarata shida Baba ya rasu. Abin da nake tunawa ƙanshin katako ne da wata hula mai ruwan toka. Wa ya taɓa zaunar da ni ya ce mini bakinsa a karkace yake? Ke da kika san komai, kika rubuta "a ƙara girma" a bayan kwalin takalmi, shi ke nan bayaninki. Kuma ba don idon Inna kaɗai ba ne, Yaya. Mai jakunkuna ta rataya na mahaifinta a rumfa, ke ma kika so naki ya fi nata. Direba ya gaya mini.

Hoton kuma. Ya manne da gilashin firam, shi ya sa na ɗauke shi a sikana ta cikin gilashin. Bayan na gama na so in raba su in sa masa sabon firam, in ba ki mamaki. Na jiƙa shi a ruwa mai ɗumi kamar yadda ake yi. Takardar ta fito fara fat. Fuskar ta narke a cikin roba ina kallo.

Za ki ce ina wanda ya shiga kwamfuta. A kansa na yi zanen. Na haɗe shimfiɗun, na adana a kan na asali, ban ware kwafi ba. Kullum ina warewa. Ranar ban ware ba. Na kai kwamfutar wurin masu gyara biyu, babu.

Shi ya sa ba na ɗaga wayarki.

Abu ɗaya ya rage. Ke kin san shi shekara goma sha tara. Ki rubuto mini yadda bakinsa yake, dalla-dalla, ni kuma in zana. Tunda a wurinki ilimin yake, ki fito da shi.

Ƙanenki

*

Auta,

Sallama. Mako biyu ban rubuto ba, saboda abin da ke bakina a lokacin ba ya shiga ambulan.

Don in ba ka mamaki, ka ce. To ka ba ni. Uba guda ka wanke a roba kamar kofin shayi.

Takardar da ka aiko jiya ta iso, duk da ban rubuto maka komai ba. Bakuna shida a jere, kowanne da lamba a ƙasa, in zaɓa. Sai ka ce mai awon takalmi. Na ɗaya kamar mai ciwon haƙori. Na huɗu kamar an mare shi. Na kai wa tsohon mai fenti da ya yi aiki da Baba, ya sa tabarau ya ce na biyu ne, ba shakka. Maƙwabciyarmu ta rantse na biyar ne. Mai fentin ya ce ita me ta sani, suka kusa dambe a ƙofar gida.

Za ka ce ni fa. Na zauna da biro sau uku. Na rubuta "a karkace zuwa hagu", biro ya tsaya. Hagunsa ko hagun mai kallo? Leɓen sama ne ya ja ko na ƙasa? Shekara ashirin ina wucewa ta gaban hoton nan da tsintsiya a hannu, na ɗauka na haddace shi. Yanzu in na rufe ido in kira fuskar Baba, goshi ya zo, ido ya zo, sai bakin Baffa ya biyo su yana mini murmushi. Wata guda kacal zanenka ya yi a bango. Wanda ke cikin kaina ma ka adana naka a kansa.

Kada ka ƙara aiko mini da baki ko ɗaya. Gobe zan sauke wannan abin in juya fuskarsa ga bango a bayan kwaba. Gara Inna ta gaida ƙusa.

Kada ka zo. Ban shirya ganin naka bakin ba.

Yayarka

*

Auta,

Salamu alaikum.

Na sauke shi da safe kafin Inna ta fito daga wanka. Da ta shigo ta ga bango wayam, sai ta fasa kuka irin wanda ban ji ta yi ba tun ranar rasuwa. "Ina kuka kai mini Malam? Wa ya fitar da shi bai karya ba?" Ta ƙi zama, ta ƙi shayi. Da hannuna na ɗauko shi daga bayan kwaba, na goge ƙura, na mayar.

Ta gyara ɗankwali, ta tsaya gabansa ta ce, "Malam, an tashi lafiya? Yau ka yi fara'a." Sannan ta cinye abincinta tas, har ta nemi ƙari.

Ka ce a ba ta lokaci, an ba ta. Aikinka ya karɓu, sai ka ƙara a allon shago. Baffa ma ya aiko wai a yi masa kwafi.

Ni tambaya ɗaya gare ni, tunda kai ne mai ilimin shimfiɗa: wannan da uwarmu take gaisarwa kowace safiya, in ta ce mini in zo in gaida ubana, wa zan durƙusa wa?

Ka huta lafiya.
Yayarka