Jinina Ne a Kwalbar Buba

Assalamu alaikum, jama'ar wannan shafi. A ɓoye sunana. Wanda zai zage ni don Allah ya bari sai ya kai ƙarshe, zagin da nake yi wa kaina ma ya ishe ni.

Shekarata arba'in da bakwai, sha shida daga ciki na yi su ne a wani ƙaramin asibiti a gefen Bibemi. Ban wuce firamare ba, don haka har yau ɗan aike ne ni. Ni ne shara, ni ne wanke-wanke, kuma duk Talata ni nake ɗaura kular ƙanƙara a bayan moto, wato babur, in kai jinin mutane labo, ɗakin gwaji, a Garwa. Yaran da suka zo jiya da takardunsu ni na koya musu neman jijiya, yau su suke aikena.

Wata huɗu da suka wuce wani tela, bari in kira shi Buba, ya zo gwajin aure, don uban yarinyar ya ce ba za a ɗaura ba sai ya ga takardar labo. A hanya na faɗa rami, kula ta buɗe, kwalba ɗaya ta fashe, kuma tasa ce. Majo, shugaban asibitinmu, ya riga ya gaya mini a gaban mata masu awo, "Baba, ka sake fasa mana wani abu, ka ajiye makullin moton nan." To ina zan je a shekarun nan? Wa zai ɗauke ni? Na zauna a gindin bishiya, na ɗauko sirinji da sabuwar kwalba, na ɗaure hannuna da roba, na ja jinina, na rubuta sunansa a jiki. A raina na ce ai ni ko kwanciyar asibiti ban taɓa yi ba, taimakonsa ma na yi.

Sakamako ya dawo, ciwon hanta, irin wanda ake ɗauka. Da hannuna na kawo takardar a cikin ambulan.

An fasa auren. Uwarsa ta ware masa kwano da kofi. Ran Juma'a ya tare ni a bakin masallaci ya ce, "Kawu, kai da ka daɗe a asibiti, gaya mini gaskiya, ana daɗewa da shi?" Na ce, "Buba, je ka sake gwaji." Ya yi dariya ya ce, "Labon Garwa ne fa, Kawu, ba boka ba. Na karɓi ƙaddara." Wai kuma in kawo yadin yarana ya ɗinka musu na salla. Wane irin mutum ne ni?

Ciwon nawa ne. Matata ba ta sani ba, yara biyar ba wanda aka gwada. In na ce a duba ni a wurin aiki, Majo ba wawa ba ne, zai tuna wanda ya kai jinin ranar. In na faɗa wa Buba, aiki ya tafi, watakila har jandarma, kuma ni za a ware wa kwano a gidana. In na yi shiru, yarinyar an ba wani, bayan salla za a ɗaura, kuma an ce har yanzu Buba take so.

Saura sati uku. Ba wa'azi nake nema ba, na san hukuncina. Jama'a, me zan yi?