Dalilin da Ya Sa Na Mayar wa Rukayat Na'urar Wasanta

Barkin Sale, Minna.
16 ga Mayu, 2010.

Zuwa ga ƙanena Zikrullahi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan zamanka a can Malesiya. Yaya karatu, yaya kewar gida? Allah ya ƙara maka juriya, ya sa ka kammala abin da ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai cikin aminci. Mu nan kowa lafiya lau. Ruwa ya sauka sosai, zafin nan da ya gasa mu ya ja baya, mangwaro kuma ya cika kasuwa har yara sun fara raina shi. Mahaifiyarmu Nna ta zo daga Bida ta ɗan kwana biyu a wurina. Ƙafar tata ta yi sauƙi, har tana zuwa gaishe-gaishe a ƙafa, ba ta da wani ƙorafi sai cewa shinkafar Minna ba ta kama ƙafar ta gida ba. Maigidana Alfa ya mayar da shagonsa unguwar Sauka Kahuta, kuma alhamdu lillahi ya fi samun ciniki a can. Malam Ndakotsu na sashenku ne zai kawo maka wannan takarda idan ya koma, tare da kilishi da daddawa da busasshen kifin da Nna ta zaɓa da hannunta.

Na zaɓi in rubuto maka ne saboda maganar ta fi ƙarfin waya. Duk lokacin da muka fara ta, ko layi ya yanke, ko ranka ya ɓaci kafin in kai ƙarshen zancena. A takarda dai dole ka bar ni in gama. Maganar a kan 'yarka Rukayat ce da na'urar wasan talabijin ɗin nan da ka aiko mata a ƙarshen bara, wadda ake riƙe rimot ana kaɗa hannu, mutumin cikin allo yana kwaikwayon abin da aka yi. Ranar da aka sallamo Rukayat daga asibiti ka umarci matarka Aishat ta fitar da na'urar daga gida, ta ba duk wanda ta ga dama. Aishat ba ta iya musa maka ba, ba ta kuma iya kyautar da ita ba, sai ta sa ta a kwali ta hau keke napep ta kawo mini. Ta zauna a wurina fiye da wata guda. Yanzu na mayar da ita gidanka a Bosso da kaina. Idan akwai laifi a wannan, nawa ne, kada ka ɗora wa Aishat. Amma ka karanta dalilina tukuna.

Da farko ga yadda abin ya faru, domin kai ta waya ka ji shi, cikin tashin hankali. A tsakiyar zafin watan Maris ne. An daɗe ba wuta a unguwarku, ranar kuma sai aka kawo ta da rana, amma ba ta da ƙarfi, fanka da ƙyar take juyawa. Rukayat da ƙawarta Lilian, 'yar maƙwabciyarku Malama Mary, suka kunna wasan dambe. Aishat tana kicin. Yaran suka yi ta kai naushi a iska, zagaye bayan zagaye, ba wadda ta tsaya shan ruwa. Da gumi ya jiƙa Rukayat, sai ta shiga banɗaki ta sheƙa wa jikinta ruwan randa mai sanyi. Kafin magariba ciwonta na sikila ya tashi a ƙafafu da baya. Sauran ka sani: ƙarin ruwa, allurai, da kwanakin da muka yi a gefen gadonta. Likitan da ya duba ta ya ce abubuwa uku ne suka haɗu, wato gajiya mai tsanani, rashin shan ruwa, da sanyin da ya bugi jiki mai zafi. Na tambaye shi kai tsaye ko motsa jiki haramun ne gare ta. Ya ce a'a, motsi kaɗan-kaɗan da hutu a tsakani ba ya cutar da ita, abin gudu shi ne ta kai kanta iyaka.

Da na'urar ta zo gidana, na ce ba zan yanke wa abin da ban sani ba hukunci. Na sa aka haɗa mini ita da talabijin, ni da na doshi hamsin, na bi wasannin ɗaya bayan ɗaya bayan na dawo daga makaranta. Alfa ya sha dariya har ya gaji. Abin da na gano shi ne ba duka suka zama ɗaya ba, ko kusa.

Wasan dambe, wannan kana da gaskiya a kansa, kuma ba zan kare shi ba. Ni mai cikakkiyar lafiya ban yi nisa ba sai da numfashina ya sarƙe, washegari kafaɗuna kamar na kwana ina daka. Ba ya ba mutum damar hutawa. Da ka tsaya, abokin karawarka na cikin allo zai kirɓe ka, 'yan kallo suna ihu, zuciya ta ɗebe ka ka ci gaba. Babban aibin waɗannan wasanni ke nan gaba ɗaya: na'urar tana ganin motsin hannu, amma ba ta ganin fuskar mai hannun. Ba ta san yarinya ta yi fari ba, ba ta san leɓenta ya bushe ba. Yabo kawai take yi tana neman ƙari. Haka wasan gudun da ake sa rimot a aljihu ana tsalle a wuri ɗaya. Na rawar kuma, ban da kiɗan da shigar da ba su kwanta mini ba, sau da yawa ba ya gane motsin da mutum ya yi, sai ka yi daidai ya ce ka kuskure, yaro ya yi ta maimaitawa don haushi har ya galabaita. Wannan faifan na riƙe shi a wurina, ba zai koma Bosso ba.

Akwai ƙananan matsaloli ma da ban ɓoye maka. Rimot ɗin yana cin batir kamar me. Idan hasken rana ya shigo ta taga ya bugi gaban talabijin, sai alamar cikin allo ta riƙa rawa, dole a saki labule, ɗaki ya ƙara zafi. Kuma wanda bai ɗaura igiyar rimot a wuyan hannu ba, to zai yi ɓarna. Alfa, wanda ya gama yi mini dariya, shi ne ya karɓa ya ce bari ya nuna mini yadda ake yi, rimot ya suɓuce masa ya fasa mana gilashin taga. Har yanzu kwali ne a wurin.

Amma akwai wasan da ake mirgina ƙwallo a kayar da kwalabe a ƙarshen layi. Shi bi da bi ake yi. Ka jefa naka, ka zauna, ka jira mutum biyu ko uku su yi nasu. Ana iya yin sa ma a zaune a kan kujera. Ba ƙarfi yake so ba, saiti yake so da natsuwa. Nna ma da ta zo sai da ta gwada, ta kayar da kwalba takwas, ta ce a kashe haka nan kada a saba mata. Sai wasan tanis. A nan na gano wani abu da ya ba ni mamaki: na'urar ba ta bambance wanda ya kaɗa hannu da dukan ƙarfinsa da wanda ya ɗan murɗa wuyan hannu kawai. Ga mai neman motsa jiki na gaske wannan naƙasu ne, don mutum zai iya cin wasa yana kishingiɗe. Ga Rukayat kuwa rahama ce. Ashe ita ta daɗe da gano haka. Aishat ta ce shi ya sa babu yaron da ke iya cin ta a layinku, manyan samari suna ta haki, ita tana tsaye wuri ɗaya tana mayar musu da ƙwallo.

Ka yi tunanin abin da wannan yake nufi ga yarinya 'yar shekara goma sha biyu wadda tun da ta shiga makaranta ba a taɓa zaɓenta a wata ƙungiya ba. Ranar wasanni ita ce mai zama a inuwa tana gadin takalma da jakunkunan 'yan ajinsu. Malamai suna yi ne don tausayi, na sani, ni ma malama ce. Amma tun da na'urar nan ta zo, yara ke sallama a ƙofar gidanka suna neman Rukayat, ba don su duba jikinta ba, don su rama cin da ta yi musu.

Na san abin da ke zuciyarka, domin yana tawa zuciyar. Ƙanenmu Saifuddeen ne. Kai ka fi ni shaƙuwa da shi, kai ke kwana kusa da shi idan ciwon ya tashi. Ba na ganin laifin tsoronka, ga ka kuma a wata duniya, ba abin da za ka iya sai umarni ta waya. Amma ka tuna yadda aka tsare Saifuddeen, ba fita, ba ƙwallo, ba zuwa rafi, yana leƙen yara ta ƙofar zaure. An yi haka don ƙauna, kuma a lokacin babu wanda ya san abin da ya fi. Duk da tsaron, da wa'adinsa ya yi ya tafi, Allah ya jiƙansa. Ba na so rayuwar Rukayat ta zama jiran ciwo kawai.

Duk wannan bai isa ya sa in saɓa maka ba. Abin da ya sa shi ne maganar da Rukayat ta faɗa mini. Ka lura ta daina sakin jiki da kai a waya, daga "lafiya lau" sai ta miƙa wa uwarta. Wata Asabar na je na ɗauko ta ta yini a wurina, ina yi mata kitso muna hira. A nan ta gaya mini cewa ranar da abin ya faru, tun bayan la'asar ta fara jin ciwon a gwiwa, amma ta yi shiru, ta shige ɗaki ta danne bakinta da filo. Na tambaye ta dalili. Ta ce ta san idan ta faɗa za a ce wasan ne, a ɗauke shi. Ta ƙara da cewa ga shi kuwa an ɗauke, don haka da ta iya daurewa har safe da yanzu yana nan. Zikrullahi, ka ji fa. Yarinyar nan darasin da ta ɗauka daga hukuncinka shi ne ta ƙara iya ɓoye ciwo. Kai ka fi ni sanin abin da jinkiri yake jawowa mai sikila. Wannan ya fi kowane wasan dambe haɗari.

Shi ya sa na mayar da na'urar, na zaunar da ita da Aishat da Lilian, har da Malama Mary, muka yi magana a fili. Dambe da gudu babu su, ko Lilian ce ke so, kuma yarinyar kirki ta yarda ba musu. Gorar ruwa tana gefe kafin a kunna. Idan fanka ba ta juyawa sosai, a haƙura. Ba wanka da ruwan sanyi bayan wasa. A nawa ɓangaren kuma na yi wa Rukayat alkawari cewa duk ranar da ta ji ciwo ta faɗa nan take, ba wanda zai taɓa mata na'urarta saboda ta faɗa. Na yi alkawarin da sunana da naka, ina sane ban nemi izininka ba.

A makon jiya aka gwada mu. Suna tsakiyar tanis, Rukayat tana gaba, saura kaɗan ta cinye, sai ta ajiye rimot ta je ta sami uwarta ta ce tana jin wani abu a ƙafar hagu. Aishat ta ba ta ruwa da maganinta, ta gasa mata wurin da tawul mai ɗumi, ta kira likita ya ce a sa ido. Zuwa washegari ya lafa, ba a je asibiti ba. Aishat ta ce da yarinyar ta farka, abin da ta fara yi shi ne leƙa falo. Ta ga na'urar tana nan inda ta bar ta, sai ta wuce ta yi alwala. Ban ce daga yau ciwo ya ƙare ba, wannan a hannun Allah yake. Amma na tabbata yanzu idan ya zo za mu ji da wuri.

Kai ne ubanta, magana ta ƙarshe taka ce. Idan ka karanta duk wannan ka ga har yanzu a ɗauke, to ka kira ni, ni zan je in gaya mata da bakina cewa alkawarina bai tsaya ba. Amma ban yi zaton za ka sa ni yin haka ba, na san ƙanena. Roƙona ɗaya ne. Idan ka kira ranar Lahadi, kafin ka tambaye ta ko ta sha magani, ka tambaye ta wa ya ci tsakaninta da Lilian. Ka tanadi kati mai yawa, don labarin yana da tsawo.

Nna tana sa maka albarka, ta ce ka riƙa cin abinci. Alfa yana gaishe ka, haka yaranmu Kudu da Kaka da Nma. Aishat da yara duk suna lafiya. Malama Mary da maigidanta Malam Andrawus sun ce in isar maka da gaisuwarsu, sun tsaya mana ƙwarai lokacin jinya, ya kamata ka kira su ka yi godiya. Ka gaishe mini da Malam Gaiya da iyalinsa da sauran 'yan gida da ke tare da ku. Allah ya tsare, ya ba Rukayat lafiya mai ɗorewa, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ce yayarka,
Aziza.