Irin Gyaɗa da Rantsuwar Zuhura

Gidan Amumune, 2 ga Yuni 1964

Yaya Mutari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da 'yan lakwal ɗin da kake koyarwa. Inna tana gaishe ka.

Gida dai ba lafiya. Shekaranjiya Yaya Sanda ya buɗe rumbu zai fid da irin gyaɗa, ya tarar buhu biyu sun yi ƙafa. Ka san shi, bakinsa ya fi hankalinsa sauri. A tsakar gida ya ce matarka Zuhura ce ta kwasa ta aika wa babanta can garinsu Kanan-Bakashe, tunda rumbunsu ya ƙone. Inna ta ce ya yi shiru, ina! Zuhura ta yi kuka ta gaji, sannan ta ɗaga hannu sama ta ce, "In ƙwara ɗaya ta gidan ga ta shiga gidanmu, aradu ta faɗa mini a ruwan farko."

Yaya, tun ran nan ko yara ba a bari su bi ta ƙofarta. Gabas kuwa kullum sai ta yi baƙi ta watse. Ni tsoro nake ji, ban ɓoye maka ba. Ka ba direban kamiyo, babbar motar kayan nan, amsa.

Ƙanenka,
Gazali

Tasawa, 6 ga Yuni 1964

Ƙanena Gazali,

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga Inna da Yaya da dukan gida, takardarka ta same ni a cikin aji, na kasa ƙarasa darasi.

Ni na ɗauki gyaɗar. Ran da zan komo Tasawa na ɗora ta a raƙumin Namadi mai fatauci, na aika wa baban Zuhura. Na ce a gaya masa daga wani mai son lada ne, don surukina ba zai karɓa daga hannuna ba. Yaya kuma na san zai hana. Zuhura ba ta san komai ba.

Ka ga inda abin yake: gyaɗar ta shiga gidansu. Na yi karatu, na san yadda tsawa take, amma tun jiya ba na iya duban sama. Direktan lakwal ya hana ni izini sai ƙarshen wata. Ka karanta wa Yaya wannan shi kaɗai, kada Zuhura ta ji. A nemi malam a yi sadaka tun ruwa bai sauka ba.

Na bar ku lafiya.
Mutari

Gidan Amumune, 11 ga Yuni 1964

Yaya Mutari,

Gaisuwa. Sannu da aiki, kai ka jiƙa, mu muka sha.

Takardarka ta iso ran Talata da la'asar, hadari ya riga ya haɗo, iska na ɗaga dannin gida. Na ja Yaya Sanda bayan rumbu ina karanta masa, sai ya kurma salati da ƙarfi yana cewa ashe kai ka aika da gyaɗar gidan su Zuhura. Gida duk ya ji, har Zuhura. Ta shiga ɗakinta ta saki asabari. Mata suka kashe wuta, suka kife kwanoni don tsoron aradu, kowa ya ja 'ya'yansa ɗakin da ya fi nisa da nata.

Walƙiyar farko na tsagawa na ga Yaya ya naɗe tabarmarsa. Na ce, "Ina za ka?" Ya ce, "Ni na sa ta rantse. In aradu za ta faɗo, ta fara da ni." Mutumin da ko ƙofar matar ƙanensa bai taɓa tsayawa ba, ya yi sallama ya shiga. Inna ta bi shi da sandarta tana cewa ba za a bar ta baya ba. Ni ma na bi. Kafin ka ce kwabo mu goma sha uku ne a ɗakin.

Ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Tsawa ɗaya ta sa duk muka kife, ashe tsamiyar bakin rijiya ta raba biyu. Da muka ɗago muka ƙidaya kanmu, sai Inna ta ce, "Sanda, sakar mini ƙafa, ba jiya na haife ka ba." Dariya ta ɓarke. Zuhura ta sauko da ƙuli-ƙuli, yara suka fita tsakar gida suna tsalle a ruwa, ƙanshin ƙasa ya cika ɗaki. Wallahi ban taɓa jin daɗin ruwa irin na ran nan ba. Yaya ya roƙe ta gafara gaban kowa, ta yafe. Gonar yamma hatsi muka shuka, tunda irin gyaɗa bai kai ba.

Kai ne ba ta ambata ba, sai yau da ta ce in rubuta maka nata saƙon a ƙasa.

Ƙanenka,
Gazali

Maigida,

Ina gaisuwa. Na gode da abin da ka yi wa Baba. Aradu ta san ban sani ba, shi ya sa ta wuce ni. Amma ran da ka ce kada in ji, kai ka sani. Kada ka sake aiko takarda. Ka zo da bakinka.

Zuhura