A Daina Ja Na Ta Hannu

Litinin, 3 ga Maris
Kafaɗar hagu ta hana ni sakat. Tun da ɓarin jikin nan ya shanye, hannun yake kwance shiru kamar baƙo mai kunya, yau kuma ya buɗe baki da zagi. Ban gaya wa Tsohuwa, matata, ba. Tsorona kada ciwon ne ya dawo kwashe sauran kayansa.

Alhamis, 6 ga Maris
Ta gane. Wai na yi ƙara da ta ja ni daga kujera. Na ce kujerar ce. Ta ce, "Kai ka ƙera ta, Malam, da can ba ta kuka."

Talata, 11 ga Maris
Asibiti. Likitar gashin ƙashi, sa'ar autarmu, ta taɓa, ta juya, ta ce ba sabuwar shanyewa ba ce. Alhamdu lillahi. Sai a lokacin numfashina ya sauka. Naman da ke riƙe da kafaɗar ne ya yi sanyi, hannun yana rataye da nauyinsa. Na ce na gane, aikina ne na kafinta: ƙofa ce ƙusarta ta saki, ana kuma fizgarta. Ta ce, "To Baba, wa ke fizgar?" Tsohuwa ta sunkuyar da kai.
Doka: filo ƙarƙashin gwiwar hannu in na zauna. A daina ja na ta hannu. In za a tashe ni, Tsohuwa ta zagayo da hannuwanta ta bayana, ta rungume ni. Aka sa muka gwada a gaban yarinyar. Ni da furfurata.

Laraba, 12 ga Maris
Da yamma Tsohuwa ta ce, "Ashe ni ke karya ka." Na ce da karya ni take so, ai da tun ina da amfani ta yi. Ba ta yi dariya ba, amma ta ƙara mini shayi.

Lahadi, 23 ga Maris
Zafin ya ragu, har na sa riga ban cije baki ba.
Tashin nan kuwa. Kanta a ƙirjina, ta ce bismillah, mu miƙe tare. Ashe har yanzu man gashin nan take shafawa. Rabon da in ji ƙamshinsa kusa haka, tun yara suna ƙanana.

Laraba, 9 ga Afrilu
Tana kicin na dafa hannun kujera da hannuna na dama, na miƙe ni kaɗai. Na tsaya tsaf. Sai na ji takunta, na koma na zauna.
Ta ce, "A tashe ka?" Na ce to, tunda kin zo.
Ai likita ma ta ce kada a yi gaggawa.